Ranar da 'Yata Ta Bi Ƙarar Ganga

Ko tsufa ya ci ƙarfina, ba na jin zan manta safiyar da 'yata ta ɓace mini a kasuwar Salaga.

Shekararta bakwai a lokacin, kuma ba ta gani tun da ƙyanda ta kama ta tana goye. Ni koko da ƙosai nake sayarwa a bakin layin masu doya. Kullum nakan zaunar da ita a tabarma a bayana, ta kife tsohon kwano tana kaɗawa da yatsu tana 'yar waƙarta. Makaranta kuwa ban taɓa kawo mata ita a raina ba. Abin da za mu ci ma da ƙyar muke samu, ga tsoron kada yara su mai da ita abin wasa.

Ran nan kasuwa ta cika maƙil. Na sallami mutane, na juya in miƙa mata ƙosai, sai na ga tabarma ba kowa. Na bar mai a kan wuta na shiga cikin jama'a ina kiran sunanta. Babura na wucewa, kekuna masu ƙafa uku cike da doya suna ja da baya ba sa duba ƙasa. Abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne tsofaffin rijiyoyin garin nan, waɗanda wasunsu ko murfi babu. Har yau ina tuna yadda na leƙa ɗaya daga cikinsu.

Wata tsohuwa mai goro ce ta ce ta ga yarinya tana lalube da bango, ta nufi inda ake kaɗa ganga. A filin makarantar firamare na same ta. Yara suna koyon maci, malaminsu, wani mutumin Gwanja, ya tsuguna ya riƙe mata ƙaramar ganga, ita kuma tana bugawa daidai da takunsu.

Na fizgo ta, ina faɗa ina kuka. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce a hankali, "Mma, kullum ina jin su daga inda kike ajiye ni."

Malamin ya ce sau ɗaya ta ji kiɗan ta kama, ya roƙe ni in kawo ta aji ta zauna a gaba. Na ce ba mu da halin kayan makaranta, ya ce ta zo da na jikinta. Sai da ya yi ta zarya gidanmu kafin na yarda.

Ban samu kwanciyar hankali nan da nan ba. Nakan bar ƙosai wa maƙwabciyata in je in leƙa ta taga. Ranar da ta dawo da gwiwa a kurje, na kusa hana ta komawa. Daga baya malamin ya nema mata makarantar makafi a nesa, inda ta koyi karatu da yatsu. Yanzu ita ke koya wa ƙananan yara waƙa a can.

Abin da na koya shi ne, tsoron uwa ma yana iya tauye yaro. Shekara bakwai ina tsaronta, ban taɓa tambayarta me take so ba.