Darbejiyar da Baba Ya Sare

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, Baba ya ce gidanmu na Nassarawa ya yi kama da daji. Ya sa aka sare darbejiya huɗun da muka tarar a ciki, aka shafe tsakar gida da siminti saboda motoci. Tsohon mai kula da lambunmu, wani Bakatsine, ya ce, "Alhaji, a bar ko guda ɗaya mana. Su ne ke riƙe da gidan nan." Baba ya yi dariya.

Da bazara ta zo, ɗakuna suka koma kamar tanderu, aka sa iyakwandishan. Wutar lantarki ta ƙi zama, aka sayo janareto. Ƙararsa ta hana kajin Mama yin ƙwai. Damina ta sauka, ruwa ya rasa ƙasar da za ta shanye shi, ya shigo falo. Aka haƙa kwata, kwata ta tara sauro. Ni ce mai kwashe ruwan da bokiti, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan duk wannan wahala, ina Baba yake wuni? A ƙofar gida, kan tabarma, a inuwar darbejiyar maƙwabcinmu.