Tsumman Baba Mai Caji

Kafin a tayar da injin farko, Baba Mai Caji ya riga ya durƙusa da tsummansa. Kamfanin da yake wa aiki na da motocin ɗaukar kaya goma sha biyu marasa direba. In batir ya yi ƙasa, mota takan kai kanta ta hau wani farantin jan ƙarfe ta sha wuta. Sai dai ƙurar kwali na rufe farantin, wuta ta ƙi shiga sosai, wurin ya ɗau zafi. Baba ne ke goge su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗora bayan hannunsa a jikin kowane batir kamar uwa mai duba zazzaɓi. Shekara tara yana haka.

Abin takaici, tinƙahon kamfanin shi ne motocinsa ba sa buƙatar hannun ɗan Adam. Don haka duk ranar da baƙi za su zo, sai manaja ya ce, "Baba, ɗan shiga sito ka huta." Dattijo mai jikoki a ɓoye shi kamar kayan sata!

Mata masu naɗe kaya shaida ne a kan ranar da ya jiyo ƙaurin roba yana cikin siton. Ya fito a guje gaban baƙi, ya kashe wuta, ya janye mota ta bakwai, batirinta har ya kumbura. Maimakon godiya, manaja ya ce, "Ka ba mu kunya."

"Ranka ya daɗe, gara kunya da gobara."

Da ritaya ta matso, abu ɗaya ya roƙa: a ba shi wanda zai koya wa aikin. Sau uku ana ce masa ai motocin su ke cajin kansu. A taron sallamarsa ma motocin aka yaba. Ya rataye tsummansa a ƙusa, ya tafi gida ransa a ɓace.

Kwana takwas da tafiyarsa, motoci huɗu suka mace a tsakiyar hanya, aiki ya tsaya cik. Wayar Baba ta yi ƙara, matarsa ta ce, "Wallahi kar ka ɗauka, Malam." Ya ɗauka.

"Baba, sun ƙi shan wuta," in ji manaja.

"Wa ya goge musu faranti?"

Manaja ya ce, "Ashe gogewa ake yi?"

Baba, kai ne hannun da suka rantse babu shi. Wanda ya raina tsayuwar wata, ga shi an ce ya hau ya gyara, ya kasa. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu tasowa, ku riƙe aiki kamar yadda ya riƙe, ko ba mai kallo.

Baba kuwa ya koma washegari, amma da sharaɗi: manaja ne ya durƙusa da tsumman, Baba na tsaye yana nuna masa inda ya bari.