Ɗan Gudu da Gyaɗar Masu Tamowa

A kasuwar Bafarawa, shekara ta biyu ke nan ruwa ya ƙi sauka, mutum ɗaya ne kumatunsa ke sheƙi. Yana sanye da farin kambas da agogon awon gudu, cinyoyinsa kamar na ragon layya. Ina jin ɗan wani babba ne mai shirin shiga soja, ko kuwa tsoron tumbi ke korarsa.

Yana tsaye gaban wata mata mai goyo, yana tsotsar gyaɗar leda da asibiti ke ba yara masu tamowa. Ita ta sayar masa, wataƙila don ta auno wa na gida gero.

"Na gwada ƙwayar ƙarin jini, na gwada gulukos," yake ce wa mai kemis na gefe, "wagga ta hi su duka. Gobe za ni shan biyu, in gani ko ina kai garin Isa ban tsaya ba."

Ya yar da ledar, ya danna agogo, ya zura da gudu. Matar ta duƙa ta ɗauka, ta ɓarke ta da haƙori don goyon ya lasa. Ashe ɗan gudun bai bar komai a ciki ba.