Anko Mai Ruwan Goro

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, samarin unguwannin da ke kewaye da mu suka haɗa wani bikin titi bayan Ƙaramar Sallah. Sallar ta faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin nan da ko fanka na juyawa gumi kake yi. Aka ce za a tare babban titi tun daga azahar, a kafa rumfuna, a kawo makaɗa da masu abinci, kowane layi ya fito da ankonsa. Ni da ƙawayena biyu a layinmu na Unguwar Shanu, tun azumi bai yi nisa ba muka daina kowace hira sai ta kaya. Wanda ya gan mu a lokacin sai ya rantse aurenmu za a yi.

Da farko mahaifiyata cewa ta yi ba inda za ni. "Taron titi, maza da mata a cakuɗe? Ba da 'yata ba." Na yi magiya, na yi wanke-wanken da ba a sa ni ba, har da yi mata tausar ƙafa bayan shan ruwa. Da ta gaji ta ce, "To, amma da Auta za ki. Ƙafarki ƙafarta." Auta ita ce ƙanwata, a lokacin ko firamare ba ta shiga ba. Na kuma san dalilin haɗa ni da ita. Bakinta ba ya riƙe magana, duk saurayin da ya yi mini sallama a hanya, Umma za ta ji labari kafin in cire takalmi.

Muka shiga Babbar Kasuwa da azumi a bakinmu. Babbar ƙawata ta ce leshi take so. Ɗayar ta harare ta, ta ce, "Leshi a wannan zafin? So kike mu dahu a tsaye?" Na ce shadda, suka ce sai ka ce iyayen amarya. Muka yi ta zaga rumfuna, duk atamfar da ɗaya ta so sai ɗaya ta ce ta gan ta a jikin wata. Abin da muke nema shi ne wadda ba kowa ke da ita ba. Har muka fara jin jiri, sai wani Bakano mai shago ya yafito mu.

"'Yan mata, ku zo ku ga abin da ko uwargidana ban nuna wa ba."

Ya zaro wata atamfa daga ƙasan tebur, ruwan goro ce mai haske da zanen koren ganye manya-manya. Gaskiya ta yi kyau, har yau ba zan ce ba ta yi ba.

"Jiya ta sauka," in ji shi. "Duk Kaduna ku ne na farko."

"Alhaji, da azumi fa a bakinka," in ji babbar ƙawata.

Ya yi dariya har hularsa na karkacewa. "Hajiya ƙarama, na ce ku ne na farko. Na baya kuma Allah ne ya san su."

Muka taya shi dariya, muka ɗauka.

A wurin tela ma sai da muka yi rigima. Su riga da siket, ni doguwar riga mai faɗin hannu. Da aka yanka tawa sai ƙyalle ya ragu, Umma ta ce a ɗinka wa Auta 'yar riga da ɗan kallabi. Na ɓata rai na ce, "Umma, ankon fa na 'yan mata ne." Ta ce, "Ita namiji ce? Kuma in ta kufce miki a taro, kina hango kalar kin san taki ce." Ranar da aka karɓo ɗinki Auta ta sa rigar ta ƙi cirewa, da ita ta yi barci.

Ranar biki muka fita bayan la'asar, muna taku ɗai-ɗai kada ƙura ta taɓa mu. Muna shan kwanar babban titi babbar ƙawata ta ja ta tsaya, ta ce, "Innalillahi. Ku duba can." Ruwan goro ne ko'ina. Wata unguwa gaba ɗaya ita suka yi anko da ita, iyaye mata da 'yan mata da yara har da na goye. Ko mai sayar da awara da ke bakin kwata ita ce ɗaure a ƙugunta. Ƙawata ta ce, "Allah ya isa tsakanina da Alhajin nan." Muka yi dariya har da hawaye. Wannan ce dariyar ƙarshe da na yi a ranar.

Muna tsaye kusa da masu kiɗa, Auta ta zare hannunta daga nawa don ta riƙe ƙanƙarar zoɓo da na saya mata. Tana nan jikina, ina jin kafaɗarta a cinyata. Sai kawai kiɗa ya tsaya. Daga can gaba aka fara ihu, wani ya ce 'yan daban nan ne da ake kira 'yan shara, wani ya ce an zare wuƙa. Ban ga wuƙar ba, na dai ga mutane sun juyo kanmu gaba ɗaya, rumfa ta faɗi, kujeru na tashi sama. Wani ya bangaje ni na juya. Na duba ƙasa, na ga ɗan kallabi ruwan goro daidai tsayin Auta, na cafki wuyan hannun na zura da gudu.

Tana kuka tana tirjewa, ni kuwa na ɗauka tsoro ne. Ina ja ina cewa, "Yi shiru, yi gudu, mun kusa." Takalmina ɗaya ya fita, ban tsaya ba. Na shiga wani lungu, na ƙara shiga wani, sai da na daina jin ƙafafu a bayana sannan na jingina da bangon wani gida. Na durƙusa in goge mata fuska.

Ba Auta ba ce.

Yarinya ce fara mai wushirya, ban taɓa ganin ta ba. Ta dube ni, ta ƙwala ihu, "Wayyo Mama! Ki sake ni! Mama!" Ni kuma maimakon in sake ta sai na ƙara riƙe ta, domin kaina ya ɗaure, tambayarta nake, "Ina Auta? Ina ƙanwata?" kamar ita ta ɓoye ta.

Wani mutum da ke zaune a kan benci ya taso. "Ke, 'yarki ce?"

Na ce, "A'a, Malam, kuskure ne, ƙanwata na..."

Ya sunkuya wajen yarinyar. "Kin san wannan?"

"Ban san ta ba! Jawo ni ta yi!"

A kwanakin ana ta jita-jitar ɓatan yara a gari, kowace uwa a tsorace take. Mutumin bai ƙara tambayata komai ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga ɓarauniyar yara!"

Ban san daga ina mutane suka fito ba. Waɗanda suka gudo daga titi, da na cikin gidaje, da yara. Aka fizge yarinyar. Ina bayani, ba mai ji. Wata mata ta kama hannun rigata ta ɗaga wa jama'a, ta ce, "Ku duba makirci! Har ankonsu ta ɗinka don ta saje da su!" Wannan maganar ita ta gama da ni. Kowa ya dubi rigata, ya dubi ta yarinyar, shi ke nan an samu shaida.

Mari na farko a kunnen hagu ya sauka, daga nan komai ya koma kamar ina cikin ruwa. Na faɗi. Ina jin takalma a bayana da haƙarƙarina. Aka cire mini ɗankwali, wayata ta tafi, wani ya ja hannun rigar nan mai faɗi da na yi rigima a kansa ya yage har kafaɗa. Abin da nake iya faɗa kawai shi ne, "Ƙanwata na can titi, don Allah ku duba mini ƙanwata." Wani saurayi ya ce, "Ji ta, har da abokiyar aiki." Sai na ji wani daga baya yana cewa a kawo taya. Da kunnen da ya rage mini na ji shi, kuma na ji wani ya amsa da "ga ta nan zuwa."

Ƙofar gidan da na jingina da bangonsa ta buɗe. Wata tsohuwa ta fito, ko mayafi babu, da carbi a wuyanta. Ta kama ni ta wuyan riga ta ja ni a ƙasa kamar buhu, ta tsallakar da ni dokin ƙofa, ta tura ni cikin zaure. Sannan ta juya ta tsaya a bakin ƙofar, hannu ɗaya a kowane gefe.

"Iya, ki ba mu ita!"

"Gidan matan aure ne nan," in ji ta. "Surukaina na ciki ba lulluɓi. Wanda uwarsa ta haife shi da rashin kunya ya tsallako in gani."

"Iya, ɓarauniya ce fa!"

"To sai me? In ɓarauniya ce ga ta a hannuna, ba ta da fiffike. Kai, ba kai ne ɗan mai itacen can ba? Ni na yi wa uwarka wankan jegonka. Matsa mini daga nan."

Suka yi ta ihu, suna dukan bango, wani ya jefa dutse a kan kwano. Amma ba wanda ya sa ƙafa a zauren. Mutanen da suka yarda su ƙona ni da raina, kunyar shiga gidan matan aure ce ta tsayar da su. Har yau in na tuna wannan sai in rasa me zan ce.

Wata daga cikin surukan ta kawo mini ruwa da zane na rufe jikina. Tsohuwar ta waiwayo, ba tare da ta bar ƙofar ba, ta ce, "'Yar nan, 'yar wa ce ke?" Na faɗi layinmu da sana'ar mahaifina. Aka kawo waya, na faɗi lambarsa aka danna mini. Da mahaifina ya ɗauka, ban ce masa an dake ni ba. Cewa na yi, "Baba, na ɓatar da Auta." Ya ce, "Auta na nan gida, ƙawarki ta kawo ta. Ke kina ina?" Sai a lokacin na fashe da kuka.

Kafin magariba ya iso da mai unguwarmu, da Auta a kafaɗarsa. Surukar da ta yi masa kwatance ce ta ce lallai ya zo da ita, kuma kada a canza mata kaya. Ya sauke ta a ƙofar gidan, kusa da yarinyar nan mai wushirya wadda uwarta ta riga ta iso tana rungume da ita. Tsayi ɗaya, riga ɗaya, kallabi ɗaya. Jama'a suka dubi wannan, suka dubi waccan.

Na zaci wani zai ce a yi haƙuri. Daga zauren ina kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa kamar wucewa ya zo yi. Matar da ta ɗaga hannun rigata ta gyara goyonta ta bi lungu. Mutumin bencin, wanda ya fara kira na ɓarauniya, ya tsaya ya ce wa mahaifina, "To ai da ta yi bayani." Uwar yarinyar ta leƙo ta dube ni, ta dubi fuskata da ta kumbura, ta ce, "Allah ya kiyaye gaba," ta ja 'yarta suka tafi. Ban riƙe ta a zuciya ba. Ita ma ranar ta ɗanɗani nata tashin hankalin. Tayar kuwa tana nan yashe a bakin kwata, sai da muka raɓa ta muka wuce.

Maganar ta mutu a nan. Mahaifina ya so ya kai ƙara, aka ce masa wa zai kama, unguwa guda? Haƙarƙarina ya warke. Kunnen hagu bai dawo daidai ba, in za ki yi mini magana sai ki zagayo dama. Tsohuwar nan mun riƙa kai mata gaisuwa duk Sallah har Allah ya karɓi abarsa, kuma ba ta taɓa yarda a yi zancen ba. In Umma ta fara godiya sai ta ce, "Ke, bar wannan, ya yaran?"

Mutane kan ce mini ai ya wuce, in gode wa Allah. Na gode masa, wallahi kullum ina gode masa. Amma akwai abin da ya mutu a jikina a lungun nan. Da ni mai son yara ce, ɗan kowa nawa ne, in na ga yaro zai tsallaka titi sai na kama masa hannu. Yanzu ba na iyawa.

Kwanakin baya na je kasuwa sayen kayan miya, na ga wani ɗan yaro tsaye shi kaɗai a tsakanin masu tumatir, yana kuka yana kiran mamansa, majina har baki. Mutane na wucewa ta gefensa. Ƙafata ta ɗauke ni zuwa wajensa, saura kaɗan in isa sai kunnena ya fara ƙara. Ya ɗago ya dube ni, ya miƙo mini hannu.

Na mayar da hannayena baya na harɗe su. Na ja gefe na tsaya inda kowa zai ga ban taɓa shi ba, ina ce masa daga nesa, "Yi shiru, tana zuwa, yi shiru." Haka muka tsaya, shi yana kuka ni ina kuka, har uwarsa ta zo ta ɗauke shi.