Kwanon da ya dawo ba komai

A shekarun fari da yunwa, lokacin mulkin soja, ina buga takardu a wani biro, wato ofis, a Tawa. Mijina na fari sanƙarau ya ɗauke shi, na biyu kuma motar hatsin taimako ce ta kife da shi a hanyar Barmu. Da na gama takaba na koma aiki, sai na iske samarin biro sun raɗa mini suna da Faransanci, wai fam fatal. Na tambayi wani tsohon malamin lakwal, makarantar boko, ma'anarsa, ya sunkuyar da kai ya ce mace ce wadda kyanta ke halaka maza. Na yi dariya har da hawaye. Ni da tabarau da giɓi, wa zan halaka? A unguwa ba su wahalar da kansu da Faransanci ba, farar ƙafa suka ce ina da ita. Mata suka daina shigo mini.

Mutum ɗaya ta rage mini, wata Buzuwa maƙwabciyata, wadda fari ya cinye musu dabbobi suka gangaro gari. Kullum da la'asar nakan miƙa mata kwanon tuwo ta kan katanga, ita kuma ba ta taɓa maido shi haka nan ba, ko ɗan cuku ne sai ta sa. Wata rana muna shan shayi na tambaye ta yadda ake kiran irina da yarensu. Ta ce su ba su da sunan wannan abu, wadda mijinta ya mutu, mijinta ne ya mutu kawai. Ranar na ji daɗi ƙwarai.

Ni na sama wa mijinta aikin gadi a bironmu. Bai yi wata biyu ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Na yi masa kunu na miƙa. Washegari ta leƙo ta katanga ta ba ni kwanona, an wanke shi tas, babu komai a ciki. Ta roƙe ni kada in ƙara aikowa, ba ta ko dube ni ba.

Na ce, "Ƙawa, ke da kinka ce ba ku da sunan abin?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Yanzu na iya Hausa."

Mijin ya warke. Tuwon mutum ɗaya na ci gaba da tuƙawa.