Zoɓon da Ya Kaltum Ta Raina

A unguwar Bolori, in ka ce kana neman gidan Ba Ajimi tela, sai a yi ta kallonka kamar ka yi tambaya da wani yare. Amma ka ce gidan Ya Kaltum mai zoɓo, kowane mai keken haya ya san lungun. Ba Ajimi ya daɗe da haƙura da wannan. Yakan ce shi ya gina gidan, amma zoɓo ne ya raɗa masa suna.

A Yerwa, cikin tsohon gari, aka haifi Ya Kaltum, a irin gidajen nan da katangar wani take jingine da ta wani, in an yi atishawa a nan a ce yarhamukallah a can. Mahaifiyarta, Ya Amma, ba ta taɓa sayar da zoɓo ba. Na azumi take yi da na baƙi, amma har yau tsofaffin unguwar in an ambace ta sai sun haɗiye yawu. Randa gare ta ta musamman, wadda takan kife a kan garwashi da kajiji har hayaƙi ya kama cikinta, sannan ta juye zoɓon a ciki ya kwana. Da aure ya kawo Kaltum Bolori, da wannan sana'ar hannu ta zo. Ta fara da 'yan ƙulle-ƙulle a leda a bakin makarantar firamare, daga baya ta koma gora, daga baya firji ya shigo, har ta kai ba a biki ko suna a unguwar sai da kulolinta. Ko a shekarun da gari ya yi tsanani, ana rufe ƙofa tun rana ba ta faɗi ba, tukunyarta ba ta huce ba. Ta ce ko tsoro ma yana jin ƙishirwa.

Mace ce mai sakin hannu da kaifin baki, kuma ni dai ban san wanda ya fi wani yawa ba. Za ta cika maka kofi har ya zuba, tana cikawa tana gaya maka cewa hularka ta karkace. Abu ɗaya ne ba a yi mata wasa da shi. Ta yi imani zoɓonta shi ne zoɓon Ya Amma, babu ragi babu ƙari, kuma ita kaɗai ta rage a duniya mai riƙe da shi.

Nan ne damuwarta take. 'Yarta mace ɗaya ce, Rumaisa'u, wadda Ya Amma ta ɗauka tun daga yaye ta riƙe a Yerwa har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Yarinya ta girma, ta yi karatu, ta yi aure a unguwar Galtimari, komai lafiya lau. Sai dai a ganin Ya Kaltum hannunta bai faɗa ba. Ita Ya Kaltum tafasa zoɓo take yi har ya yi baƙi-baƙi, ya yi kauri, ta zuba ɓawon abarba da citta mai yawa. Rumaisa'u kuwa jiƙa shi take yi a ruwan sanyi ta bar shi, ya fito ja garau har kana ganin gindin kofi. Ya Kaltum ko ɗanɗanawa ba ta tsayawa yi. Daga bakin ƙofa take hango launin ta yanke hukunci, ta ce wannan ai ruwan wankin zoɓo ne, ƙiwa ce kawai irin ta 'yan boko masu tsoron hayaƙi. In Rumaisa'u ta ce ai haka ta ga Kaka tana yi, sai uwar ta ce Kaka don tsimin itace take jiƙawa, ba don daɗi ba. Rumaisa'u ba mai jayayya ba ce, murmushi take yi ta ɗauke kofinta.

To, a bana aka yi wa mijin Rumaisa'u canjin aiki zuwa Gombe. Ana ta ɗaure kaya, Ya Kaltum tana ta kai da kawo da turaruka da busasshiyar kuɓewa, amma zuciyarta ba daɗi. Ba tafiyar ce ta dame ta ba, Gombe ai ba bangon duniya ba ne. Abin da ke ci mata rai shi ne yarinya za ta tafi ba ta iya ba, kuma ran da aka ce babu Kaltum, zoɓon Ya Amma ya bi ta kabari ke nan. Ta faɗa wa Ba Ajimi haka ya fi a ƙirga, shi kuma yakan ce mata Allah ya kyauta, ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Akwai wata majalisa da matan lungun suke yi lokaci-lokaci, ranar Asabar bayan la'asar, a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidan Ya Kaltum. Musu ne ya haife ta. Phebe, malamar asibiti mai ritaya 'yar Biu, wadda kowa ke kira Maman Justin, ta taɓa yin gardama da Hussainatu matar dillalin shanu a kan zoɓon wa ya fi. Duk wadda aka tambaya sai ta yabi na wadda ke kallonta. Maman Justin ta ce ai kunya a ido take, a ɗaure idon a ji gaskiya. Ba Ajimi ya ɗinka musu 'yan ƙyallaye baƙaƙe daga ragowar yadi, yana dariya yana cewa bai taɓa ɗinka wa mata abin da zai hana su gani ba sai yau. Tun daga nan abin ya zauna. Kowace ta kawo nata a gorar da ba alama, ɗaya ta zauna ido buɗe tana zubawa, sauran su kurɓa, su faɗi na wace ce da abin da aka sa a ciki. Tsakanin kofi da kofi a kuskure baki da ruwa, a tauna ɗan gurasa. Ba kyauta ake ci ba, wadda ta kasa ganewa dai za ta sha tsiya har wata majalisar.

Ya Kaltum ba ta taɓa shan wannan tsiyar ba. Kurɓa ɗaya za ta ce maka wannan na Hussainatu ne, don ita ce ba ta san kanumfari yana da iyaka ba. Wannan na Maman Justin ne, sukari kamar ana ba da shi a allura.

Asabar ɗin ƙarshe kafin tafiya, Rumaisa'u ta zo sallama da iyayen unguwa. Maman Justin ce mai zubawa a ranar. Tun ana gobe ta kira yarinyar a waya ta ce ta taho da gora ɗaya ta zoɓonta a cikin jaka, kada uwarta ta gani. Ba wata dabara ta ƙulla ba, tausayi ne kawai. Ta ce yarinya ta shekara nawa tana kawo musu ruwan kuskure baki, ai ya kamata ko sau ɗaya a sha nata kafin ta bar gari.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗaure idanu, lafaya ta ko'ina tana ƙamshin humra. Kofin farko Ya Kaltum ta gane na Hussainatu tun bai kai bakinta ba, aka yi shewa. Na biyu nata ne, ta ce wannan ko a mafarki ta san shi, ta ɗaga kai kamar an naɗa ta sarauta. Maman Justin ta miƙa mata na uku.

Ta kurɓa. Matan suka jira tsiyar da za ta biyo baya. Ta sake kurɓa, ta riƙe shi a baki, sannan ta haɗiye a hankali. Tsaminsa ba ya cizo, citta tana can baya-baya, hayaƙin kajiji kuma sai bayan ka haɗiye yake tasowa ta hanci. Ba ɗacin tafasa ko kaɗan. Ita da take zaune a Bolori, sai ga ta a tsakar gidan Yerwa ana jiran kiran magariba na azumi, tana yarinya, tana riƙe da moɗa.

"Maman Justin," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "kada ki yi mini wasa da abin da ba na wasa ba. Wannan na Ya Amma ne. Wa ya yi shi?"

Hussainatu ta ce Allah ya jiƙan Ya Amma, ai ta daɗe a makwancinta. Ya Kaltum ta ce ta sani, da hannunta ta yi mata wanka, amma harshenta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta fizge ƙyallen. Abin da ta fara gani shi ne kofin da ke hannunta, ja garau, ana ganin gindinsa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗaga ido ta sami Rumaisa'u a bakin tabarma, ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta.

Ba wanda ya yi shewa, alhali yau ce rana ta farko da Ya Kaltum ta kasa faɗin mai zoɓo. Ta ɗauki kofi na biyu, nata, ta kurɓa, ta koma na uku. Shekara da shekaru tana ƙara wuta don masu saye suna jira, tana ƙara abarba don yara sun fi so, tana ƙara citta don biki, kaɗan-kaɗan, yadda uwa ba ta ganin girman ɗan da ke gabanta. Ashe abin da take tsoron ya ɓata, a hannunta ya fara ɓata, yana can kuma lafiya lau a hannun da take kira mai ƙiwa. Kunya ta kama ta, amma daɗin da ta ji ya fi kunyar nesa ba kusa ba. Hawaye ya zubo, ta share da gefen lafaya, ta ce kanumfarin Hussainatu ne ya shige mata ido.

"Wa ya koya miki?" ta tambaya, ko da yake ta san amsar.

"Kaka ce, Ya," in ji Rumaisa'u, don haka take kiran uwarta. "Cewa take yi wuta tana kashe masa rai."

Maman Justin ta ce to, doka dai doka ce, wadda ta kasa ganewa sai ta sha tsiya. Ya Kaltum ta ce su yi duk yadda suka ga dama, amma a ajiye mata sauran gorar, kada kowa ya taɓa. Nan fa dariya ta ɓarke, aka yi ta tsokanarta har aka kira magariba, tana ramawa kamar yadda ta saba.

Da za a watse, Rumaisa'u ta durƙusa ta ce za ta koma Galtimari, saura kayan kicin ba ta ɗaure ba. Ya Kaltum ta ce kaya ba gudu za su yi ba, ta umarce ta ta kira mijinta ta gaya masa yau a nan za ta kwana. Ta shiga ɗaki ta fito da busasshen zoɓo a ƙwarya, ta ajiye a gaban 'yarta. Ta jawo 'yar kujerar tsuguno ta zauna a gefe, ta harɗe hannuwanta a cikin lafaya don kada su yi karambani.

"Bisimilla," ta ce. "Ki yi a hankali. Ni ce mai koyo."