Satar Gida

Shekara goma sha tara Kawu Tela ya yi a ƙasar mutane, yana rage tsawon wando a wani ɗan shago mai taga ɗaya. Sai ya yini bai furta kalmar Hausa ba, in ba allura ce ta soke shi ba. Ƙwallo kuwa ko a jikinsa. A ganinsa ƙarti ne kawai ke bin fata a guje.

Amma da gasar ƙasashe ta zo, 'yan ƙasarsu suka cika shagon mai aski na ƙarshen layi, sai Kawu ya rufe keken ɗinkinsa ya tafi can. A bakin ƙofa yake zama, inda ko talabijin ɗin ba a gani. Kunne kawai yake bazawa, ana zagin alƙalin wasa da harshen da ya sha a nono.

Ranar da aka fitar da ƙasarsu daga gasar, an soke musu ƙwallo, wai satar gida ce. Kowa ya watse. Washegari da la'asar Kawu ya dawo, ya tarar da mai aski shi kaɗai yana share gashi.

"Kawu, ai an kore mu. Sai bayan shekara biyu."

Kawu ya zauna. "Wai mece ce satar gidan nan?"

Mai aski ya fara jera kwalabe zai yi masa bayani.

"Bar shi, ɗana," in ji Kawu. "Na ɗauka abin da nake zuwa yi nan ne."